Ramin gafiyar da munka tona a gonar Kawu

Satin da ya wuce na leƙa ƙauye, can hanyar Wurno, niyyata in ɗauko ɗan hatsin da Kawu ya ce ya aje min tunda an gama kaka in juyo a ranar, to kun san halin zuwa gida, ka ce yini guda za ka yi sai ga ka ka kwana 3. Ina sauka daga kabu-kabu na iske shi bakin rumbu yana ta faɗa shi kaɗai. Wai gujiyar da ya shanya a gona (gyaɗa nake nufi, saboda Kanawa) kullum raguwa take yi, ya zargi yaran unguwa, ya zargi awakin maƙwabta, har ya fara zancen kai ƙara wurin maigari.

Washegari da sassafe ɗan autansa, yaro ɗan shekara 12 da ya fi ni sanin daji nesa ba kusa ba, ya zo ya ja hannuna har gonar ya ce in dubi ƙasa. Sawu ne ƙanana kamar tafin jariri, a tsakaninsu ga wani layi siriri kamar an ja igiya bisa rairayi. Ya ce, "Yaya, wutsiya ta. Gahiya ta ka kwasar gujiyar Baba." Munka bi sawun nan har gindin wani tsohon suri da gara ta daɗe da bari, ƙarƙashin kalgo, sai ga rami wanda dunƙulen hannun babban mutum zai shiga ba wahala.

Kawu ya zo da dagi da kalme. Kafin ya sari ƙasa ko sau ɗaya abin da ya fara yi shi ne buge hannun yaron da ke shirin zurawa ciki. "Kak ka kuskura! Macciji ba ya gini, ramin wani shika shiga." Kuma gaskiyarsa, yara nawa kububuwa ko kumurci ya sara a wurin tonon gafiya. Daga nan ya zagaya surin yana duba, ya gano wata ƙofa ta biyu ta baya, ya danna mata dutse, ya ce to yau sai ta faɗa mashi wa ya aike ta.

Mun fi awa guda muna gina. Ni dai da na ɗauka rami ne miƙaƙƙe kamar bututu, ashe ba haka ba ne, ya gangara ƙasa ya karkace ya rabu biyu ya sake rabuwa. Ɗakin da munka fara faɗawa shi ne rumbunta, wallahi sai da na yi dariya, gujiyar Kawu ce jibge kusan kwano guda a ƙiyasina, ga ƙwallon aduwa, ga 'ya'yan dogon yaro, ga goriba da anka gwaguye, ga guntayen zangarniyar hatsi, sai kuma abin da ban yi zato ba, murfin kwalbar lemo guda 2 da wani ɗan ƙaramin cokali duk ya yi tsatsa. Mi za ta yi da cokali oho, amma an san gafiya da wannan hali na kwasar duk abin da ya burge ta ko ba na ci ba ne. Gaba kaɗan ga ɗakin kwana, ta shimfiɗa busasshen ganye da yagaggen buhu da leda. Can wani lungu kuma da bai ɓulle ko'ina ba kashi ne kawai, wato bayan gidanta daban yake da inda take aje abinci, abin da wasu gidajen haya a cikin gari har yau ba su cimma ba. Da Kawu ya tabbatar ba wani abu ciki na sa hannu a ɗakin kwanan, hantsi ya ɗaga mu muna zufa amma cikin nan sanyi ƙalau kamar gindin randa.

Muna cikin kallon kaya sai munka ji fuuu daga cikin sabara, taku kamar 5 daga inda muke. Ashe akwai ƙofa ta uku wadda ta toshe da 'yar ƙasa ba kauri, ba ka ganin komai daga waje. Ta ture ta fito, girmanta kamar ƙaramar mussa, doguwar wutsiya rabinta na ƙarshe fari fat, kafin yaron ya ɗaga sanda ta shige cikin karan dawa. Ni ban ga bakinta ba, amma Kawu ya rantse kumatunta cike suke. Tun ina yaro nake jin ana cewa gafiya tsira da na bakinki, sai ranar na san daga inda maganar ta fito, domin da gaske jaka gare ta a kumatu hagu da dama, nan take cusa abinci har fuskarta ta kumbura ta kai gida ta zazzage ta dawo, haka za ta yi ta jigila dare guda.

Tun daga ranar abin ya tsaya min a rai. Mu nan Sakkwato duk abin da ke da gashin baki da doguwar wutsiya kusu ne, Kanawa su ce ɓera, shi ke nan an gama, alhali iri-iri ne kuma rayuwarsu ba ɗaya ba. Baƙin kusun nan da ke gudu cikin silin da dare ya hana mu barci ma baƙo ne, asalinsa yankin Indiya, jiragen ruwan fatake sunka yaɗa shi duniya, shi ya sa ya iya hawa kamar ɓarawon zaune. Jaɓa kuwa da muke haɗawa da su ba ma danginsu ba ce, ƙwari take ci, dogon bakin nan da warin nan nata ne ita kaɗai. 'Yan ƙasa na asali su ne na daji: gafiya, da wani mai ruwan ciyawa da ke yawo ido na ganin ido a fadama, da wani ɗan ja mai manyan idanu da dogayen ƙafafun baya da ke zaune cikin rairayin tudu, sai kuma mai nonuwa da yawa wanda zan zo kansa don shi ne babban.

Tambayar da na riƙa yi wa kaina ita ce yaya suke ƙetare rani. Ku duba fa, ruwan sama a nan daga wajen Yuni zuwa Satumba ne, bayan nan sai a yi wata 7 ko 8 ko ɗigo babu, a Afrilu zafi ya haura digiri 40 ƙasa ta yi kamar kasko, mu da ke da randa da fanka da ruwan leda mai ƙanƙara muna kuka, to ina ga abin da bai kai nauyin wayar hannu ba, wanda in rana ta dake shi na ɗan lokaci zai bushe. Kuma ba ya zufa irin tamu, wutsiyar nan mara gashi ita ce yake fitar da zafin jiki da ita.

Amsar ta farko na taɓa ta da hannuna, rami. Zafin rana ba ya ratsa ƙasa da nisa, ɗan zurfi kaɗan sai yanayi ya canza, ga sanyi ga laima. Ɗan jan nan na rairayi da asuba yake shiga ya toshe ƙofa da ƙasa daga ciki, ya rufe zafi a waje ya rufe maciji a waje, laimar numfashinsa kuma ta tsaya ciki, ba zai leƙo ba sai duhu ya yi. Ruwa kuwa yana iya yin watanni bai kai bakinsa gulbi ko rijiya ba. Daga abin da ya ci yake samu, tsabar ciyawa, saiwa, fara, gara, ɗan raɓar asuba in an samu, jikinsa ya narka abincin ya tatsi ruwa daga ciki, ƙodarsa kuma rowa gare ta, fitsarinsa ɗan mitsitsi ne mai kauri. Gafiya ita hanyar manomi ta bi, lokacin kaka ta tara, rani ya zo ta zauna ta ci. Da na gaya wa Kawu cewa shi da ita sana'arsu ɗaya bai ji daɗi ba, ya ce shi ai noma nashi ya yi.

Na fadama shi bai damu da ƙishirwa ba tunda ga ruwan Rima ga noman rani. Shi matsalarsa sama ce, shaho da shirwa, don haka yake yin hanyoyi ƙarƙashin ciyawa, in ka buɗa ciyawar bakin kunya za ka gan su a share kamar titi. Ku tambayi masu shinkafa a Kwalkwalawa ko Goronyo, sai ka ga gefen fage lafiya lau amma tsakiya an datse shinkafar daga gindi ta kwanta, saboda tsakiyar ta fi rufin asiri. Ga iyo sun iya, ko ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar jami'a ba ta ƙarar da su ba, ruwa na janyewa sunka dawo.

Ganinsu ba wani na kirki ba ne, musamman gafiya, ita kam hanci da kunne ne jarinta. Gashin bakin nan kuma ba ado ba ne, da shi suke lalube cikin duhu, shi ya sa kullum za ka ga kusu yana bin jikin bango ko gindin kara, ba ya son ratsa fili. Sai haƙora. Na gaba guda 4 ba su daina tsiro har ya mutu, a ɓeran gari suna ƙaruwa fiye da santimita 10 a shekara, gwaguya da gogawa ke rage su, gabansu mai ruwan goro ya fi bayansu ƙarfi saboda haka kullum kaifi suke kamar kurfi. Ƙwallon aduwar da sai ka sa dutse ka fasa, na gan shi a ramin nan an huda an cinye ƙwayar. Wannan haƙorin ne ke cin wayar wuta a shago. Na tuna Inna, Allah ya jiƙanta, ba ta kwanciya sai ta hure fitilar aci-bal-bal, tana cewa Annabi (SAW) ya yi umurni a kashe fitila da dare don kusu na iya jan lagwani ya ƙone gida, kuma hadisi ne ingantacce, kamar yadda ya zo cikin dabbobi 5 da anka halatta kashewa ko a cikin Harami.

Amma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tsoronsu, don na taɓa gwabzawa da shi na sha kashi. Shekarun baya ina da ɗan ɗakin ajiya a cikin gari, ɓeraye sunka addabe ni, na sayi shinkafar ɓera wurin wani mai talla da lasifika yana ta rantsuwa wai ko jikansu ba zai rage ba. Daren farko na tsinci guda 2. Na yi murna na ƙara zubawa. Daga ranar ko ƙwara ɗaya ba a sake taɓawa ba, sai su zagaye ta su je su huda buhun da ke gefe, ƙarshe kazar maƙwabciyata ta shiga ta tsattsaga, na biya kuɗin kaza na sha gori. Sai daga baya na fahimci dalili. Kusu ba ya iya amai, yadda anka halicci cikinsa abin da ya shiga ya shiga, to dabbar da ke cin duk abin da ta tsinta kuma ba ta iya amayarwa dole ta zama mai taka-tsantsan. In ya ga sabon abu sai ya yi kwanaki yana kewaya shi, in zai ci ya ɗan ɗanɗana kaɗan ya koma ya saurari cikinsa, in ya ji ba daidai ba shi da wannan abincin har abada. Kuma suna shinshinar bakin juna, wanda ya dawo daga kiwo lafiya lau, ƙanshin abin da ke bakinsa shi sauran za su nema. Wannan a daji ya koye shi, wurin 'ya'yan itace da saiwoyi masu dafi, tun kafin a haifi mai lasifika.

Duk da wayon nan fa mutuwa suke yi kamar me. Ƙananan na daji da wuya ka samu wanda ya cika shekara guda. Kowa abincinsa ne, maciji ya bi shi har ɗaki, tunku ya tone shi, muzurun daji, dila, yanyawa, guza, da rana shaho da dare mujiya. Mujiya ma ita ce gwanar, cikin baƙin duhu da kunne kawai take gano motsinsa, fiffikenta ba ya ƙara, ta haɗiye shi ɗungurungum daga baya ta amayo gashi da ƙashi a dunƙule. Akwai wata tsohuwar kuka bayan makarantar ƙauyenmu, muna yara mukan tsinci irin dunƙulen nan a gindinta mu fasa mu ga ƙananan ƙoƙon kai da haƙoransu, mun ɗauka kayan mayu ne. Da manya sunka gane mujiya ce ke kwana ciki sai anka sa mu jifa har ta bar wurin, wai tsuntsuwar mugun abu ce. Ni wannan camfin yana ba ni haushi yanzu in na tuna, mai gadin da ba ka biya ka kore shi da dutse sannan ka je kasuwa sayen guba.

To in mutuwar ta kai haka mi ya hana su ƙarewa? Haihuwa. Nan ne mai nonuwan nan ya shigo. Macen tana iya kai nono 24, cikinta kwana 23 ne kacal, haihuwa ɗaya ta zubo ɗiya 10 zuwa 12 wani lokaci fiye, tana cikin shayarwa ta sake ɗaukar wani cikin, ɗiyan kuma wajen wata 3 su ma sun fara. Ku yi lissafin da kanku. Gafiya ba ta kai nan ba, ita cikin wata guda take yi ta haifi 1 zuwa 5, amma ta fi su tsawon rai. Haihuwar ƙananan da damina take tafiya, ruwa ya sauka ciyawa ta yi tsaba sai a shiga, rani ya tsananta a tsaya, yawancinsu su mutu, 'yan kaɗan da sunka rage su jira wata daminar. Shi ya sa shekarar da damina ta yi tsawo, musamman bayan fari, sai su fashe. Haka anka gani a yankin Sahel a 1975 zuwa 1976 bayan babban farin nan na farkon shekarun 1970, haka kuma a 1986 zuwa 1987 bayan na 1984. Fari ya rage masu cin su, ruwa ya dawo da abinci, su kuma cikin 'yan watanni sun cika ƙasa kafin mujiya ta yi ƙyanƙyasa biyu. Tsofaffi na ba da labarin shekarun da ake shuka da yamma a wayi gari an tone irin rami bayan rami.

Shi wannan mai nonuwan kuma ba ya tsayawa daji, ƙafa ɗaya a gona ɗaya a gida. An kwashe amfani an kai rumbu, ciyawa ta bushe, yara sun cinna wa daji wuta don farautar gafiya da kurege, shirwa na shawagi bisa hayaƙi tana ɗauke masu gudu, wanda ya tsira ina zai nufa in ba cikin gari ba. Kuma shi ne mai ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda anka fara ganowa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno. Shi ba ta yi mashi komai, yawonsa yake yi da ita, tana fita ta fitsarinsa da kashinsa bisa abinci, cutar kuma da rani take tashi, daidai lokacin da suke shigowa gidaje. An fi jin ta a Ondo da Edo da Bauchi da Taraba, amma kusun iri ɗaya ne da namu, kuma duk sanda na ga shanyar gari ko tumatir a gefen kwalta an bar ta ta kwana sai gabana ya faɗi.

Daren da zan dawo muna zaune bisa tabarma bayan isha'i na ce bari in ɗan wanke gafiya a idon Kawu. Na ba shi labarin wata ƙungiya mai suna APOPO da ke Morogoro a Tanzaniya, inda ake horar da 'yan uwan gafiyarmu na can, irinsu ɗaya kusan, su riƙa shinshino nakiyar da anka binne lokacin yaƙi, saboda hancinsu na jin warin abin fashewar kuma nauyinsu, kilo 1 da ɗan wani abu, bai isa ya tayar da ita ba, ladansu ayaba da gujiya. Har majinar masu tarin fuka suke shinshinawa su nuna mai ɗauke da cutar. Na ce akwai wani burgu cikinsu mai suna Magawa da ya yi aiki a Kambodiya ya gano nakiya da sauran abubuwan fashewa fiye da 100, anka ba shi lambar zinariya daga Ingila a 2020, ya mutu a Janairun 2022 yana da shekara 8.

Kawu ya yi shiru yana sauraro, can ya ce, "Nakiya kac ce?" Na ce e Kawu. Ya ce, "To mi na abin mamaki, ko kusun ɗakin gwaggonka in anka aje nakiyar biki shina gano ta, kuma ba wanda ya ba shi zinari." Sai da na yi bayani cewa ba ta shinkafa da zuma nake nufi ba, ya ce duk ɗaya, ɓarawo ɓarawo na ko an sa mai kaki.

Da safe ina ɗaure buhu bisa mashin ɗan autan ya zo ya raɗa min cewa ya ga sabuwar ƙasa an turo gindin wani surin can ƙarshen gonar, wajen iyakar maƙwabci, amma kar in faɗa wa Baba. Sai na tuna da cokalin da ke aljihuna na fito da shi na miƙa wa matar Kawu. Ta jujjuya shi ta kankare tsatsar da farce ta yi salati, ta ce ai nata ne, tun noman farko da ake kai abinci gona ya ɓace. Yaron ya ce, "Inna, wanda kinka buge ni a kanshi?" Ta ce ya wuce ya ɗauko min ruwa in sha kafin in kama hanya.